Tarihin Georges Méliès, Gwanin Zanen Labulen Silima

Galibinmu a wannan kwaleji mun sha shiga silima, amma ba kowa ne ya taɓa ɗauke idonsa daga kan 'yan wasa ya dubi abin da ke bayansu ba. Mu kan ga sarki a fadarsa, ko matafiyi a gindin dutse, ko wata mace ta leƙa taga ga birni shimfiɗe a ƙarƙashinta, sai mu ɗauka can aka je aka ɗauko hoton. Alhali kuwa a cikin tsofaffin finafinai sau da yawa babu fadar, babu dutsen, babu birnin. Ƙyalle ne mai kauri mai faɗi, wani gwani ya zana shi da fenti, aka rataya a bayan 'yan wasa. Irin wannan ƙyalle shi zan riƙa kira labule a cikin wannan takarda. Wanda ya taɓa zuwa wurin mai ɗaukar hoto, aka zaunar da shi gaban zanen bene da furanni, to, ya san ƙanen abin da na ke nufi.

Mutumin da na ke so in ba ku tarihinsa Bafaranshe ne, sunansa Georges Méliès, a kan faɗe shi kamar a ce Joj Meliyes. Na zaɓe shi ne domin yana cikin na farkon waɗanda suka gane yadda a ke zana labule don idon kyamara. Labulen nan shi ya ɗaukaka shi har duniya ta san shi, shi ne kuma ya ƙi rabuwa da shi har ya tsiyace. Saboda haka tarihinsa da tarihin wannan sana'a a haɗe su ke.

Ɗan mai takalma

An haifi Meliyes a birnin Faris ran 8 ga watan Disamba, 1861. Ubansa mawadaci ne, yana da ma'aikatar yin takalma, uwarsa kuwa asalinta daga ƙasar Holan ne. Shi ne auta, yana da yayye biyu, Henri da Gaston. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama banza. A makaranta ya kan cika littattafansa da zanen fuskokin malamai da na 'yan ajinsu, da gidajen sarauta da itatuwa, har ya riƙa shan horo a kan haka. Yana da kamar shekara 10 ya fara gina ɗan dandamalin wasa da kwali, yana sa 'yan tsana su yi wasa a ciki.

Ya gama babbar makaranta a 1880, ya yi aikin soja kamar yadda dokar ƙasarsu ta ce. A 1884 aka aika da shi Landan don ya koyi Ingilishi da sha'anin ciniki. To, da ya ke bai ji harshen sosai ba, sai ya riƙa zuwa irin wasan da ba ya bukatar jin magana, watau wasan dabo. Akwai wani gida a Landan da a ke kira Egyptian Hall, inda wani shahararren mai dabo, Maskelyne, ke rufe idon jama'a kowane dare. A nan son dabo ya shige shi.

Da ya komo gida a 1885 ya nemi ya shiga babbar makarantar zane ta Faris. Ubansa ya ƙi, domin a ganinsa zane ba sana'ar da za ta ci da mutum ba ce. Sai Meliyes ya haƙura ya shiga ma'aikatar takalma, aka ba shi duba injuna. Bai so aikin ba, amma a nan ya koyi kwance inji da ɗaurawa, ilmin da ya yi masa rana daga baya. A wannan shekara ce kuma ya auri Eugénie Génin, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyu.

A 1888 uban ya ajiye aiki ya bar wa 'ya'yansa ma'aikata. Nan da nan Meliyes ya sayar wa yayyensa rabonsa, ya sayi wani ɗan ƙaramin gidan wasan dabo a tsakiyar Faris, mai sunan Robert-Houdin, wani tsohon gwanin dabo da ya riga ya mutu tun 1871. Cikin 'yan shekaru ya ƙago sababbin wasannin dabo wajen 30. Shi ke tsara wasa, shi ke ƙera injin da ke ɓoye a ƙarƙashin dandamali, shi ke zana labulen da za a yi wasan a gabansa. Har wa yau ya yi wa wata jarida mai suna La Griffe zanen barkwanci na siyasa. Kun ga ke nan zanen da uba ya kora ta ƙofa ya komo ta taga.

Hoto mai motsi

A ƙarshen watan Disamba na 1895 wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa mutanen Faris hoto mai motsi, Meliyes kuwa yana cikin waɗanda suka gani. Abin da suka nuna ba wasa ba ne, al'amuran yau da kullum ne, kamar ma'aikata na fitowa daga ma'aikata, da jariri ana ba shi abinci. Meliyes ya nemi a sayar masa da injin, aka hana shi. Bai tsaya ba, ya tafi Landan ya sayi majigi a wurin wani maƙerin injuna, Robert Paul, ya zo ya kwance shi ya juya shi ya zama kyamara. A 1896 ya fara ɗaukar nasa finafinai, ya sa wa kamfaninsa alamar tauraro.

Shi da kansa ya kan ba da labari cewa wata rana yana ɗaukar hoton titi sai kyamara ta cije na ɗan lokaci. Da ya wanke fim ɗin ya duba, sai ya ga keken fasinja ya rikiɗa ya zama keken ɗaukar gawa, domin kafin inji ya ci gaba wancan ya wuce, wannan ya zo wurinsa. Ko ma ta yaya ya gano ta, dabarar ita ce a tsai da kyamara, a sauya abu, sa'an nan a ci gaba. Kamfanin Edison a Amurka ya riga ya yi amfani da ita sau ɗaya a 1895, amma Meliyes ne ya mai da ita sana'a. A 1896 ya sa wata mace ta ɓace daga kan kujera, ƙwarangwal ya bayyana a wurinta. Matar nan 'yar wasa ce, a kan kira ta Jehanne d'Alcy. Ku riƙe sunanta, za mu sake gamuwa da ita.

Ɗakin gilashi

Irin wannan dabo ba ya yiwuwa a waje, domin iska na kaɗa labule, ruwa na jiƙa shi, gajimare na sauya haske tsakanin tsayawar kyamara da ci gabanta. Don haka a 1897 Meliyes ya gama gina wani babban ɗaki a lambun gidansu da ke Montreuil, a gefen Faris ta gabas. Ƙarfe da gilashi ne bangonsa da rufinsa, domin a lokacin fitilar lantarki ba ta isa ɗaukar fim ba, sai hasken rana. Daga hantsi zuwa bayan azahar kaɗan ne kawai rana ke tsayawa daidai, cikin waɗannan 'yan sa'o'i a ke yin aikin yini duka. A ƙarshen ɗakin akwai dandamali mai ƙofofin ɓoye a ƙasa, da rami a ƙarƙashi, da gada a sama inda a ke sauko da mutum da igiya kamar yana tashi. A ɗaya ƙarshen kuma kyamara ce a kafe wuri guda, tana kallo kamar mutumin da ya sami kujera mafi kyau a gidan wasa. Kusa da ɗakin akwai rumfar da a ke sassaƙa katako da zanen labule.

Ga yadda aikin ke tafiya. Da fari Meliyes ya kan zana wurin a takarda da tawada. Sa'an nan a yanko ƙyalle, a shimfiɗa, a fitar da zanen da girma, a shafa fenti irin wanda a ke damawa da ruwa da gam, domin shi ba ya ƙyalli. Bayan babban labule na can baya, a kan yanka katako da kwali siffar dutse ko itace ko ginshiƙi, a zana su, a jera su gefe da gefe, wasu gaba wasu baya. Ɗan wasa ya ratsa tsakaninsu, sai ido ya ga kamar wurin na da zurfi. Akwai ƙa'idar nesa da kusa, wadda kowane ɗalibin zane ya sani: abin da ke nesa ya kan ƙanƙance ya dushe, layuka biyu da suka miƙe su kan yi kamar za su haɗu a can ƙarshe. Da wannan ƙa'ida mai zane ke sa bangon da ke taku goma daga kyamara ya zama hanya mai tsawon mil guda. In kuwa ana so a nuna tafiya, sai a naɗe dogon labule a jikin gangar katako, a riƙa warware shi a bayan mota ko doki, su suna tsaye wuri ɗaya, duniya ce ke wucewa.

Idon kyamara dabam ne

Nan ne na ke ganin gwanintar mutumin ta fi fitowa. Masu zanen gidajen wasa sun daɗe da sanin aikinsu, shekaru ɗaruruwa kafin silima. Amma da aka kafa labulensu mai launi iri iri a gaban kyamara, sai hoto ya fito a dagule. Dalili kuwa shi ne fim na wancan zamani baƙi da fari ne, kuma ba ya ganin launi yadda idon mutum ke gani. Shuɗi ya kan fito fari fat. Ja da rawaya da kore su kan yi duhu har su kusa zama baƙi. Sararin sama mai kyau sai ya wanke ya ɓace, jar rigar sarki ta zama kamar gawayi.

Meliyes ya lura da haka, ya bar launi gaba ɗaya. Ya riƙa zana labulensa da baƙi da fari da abin da ke tsakaninsu, watau ruwan toka hawa hawa, daga mai haske zuwa mai duhu. Inuwa ma da burushi a ke sa ta, a kuma tabbata duk inuwoyin sun faɗi gefe guda. Kai, har kujeru da tebura da agogon bango ya ga gara a yi su da katako da kwali a zana su, domin na ainihi masu jan katako da ƙyalli ba su fitowa da kyau. Tufafi da kwalliyar fuskar 'yan wasa su ma aka bi da su ta wannan hanya. A 1907 ya rubuta dogon bayani a kan sana'arsa, inda ya zayyana waɗannan abubuwa. Da wani baƙo zai shiga ɗakin nan, da sai ya ga kome toka-toka ba sha'awa. Amma ba don idon baƙo aka yi zanen ba, don idon kyamara aka yi shi.

Launi kuwa daga baya ya ke zuwa, ga wanda ya biya ƙarin kuɗi. Akwai wata mata a Faris, Élisabeth Thuillier, mai ma'aikata da 'yammata wajen 200. Su kan ɗauki zaren fim su shafa launi da ɗan siririn burushi, hoto ɗaya bayan ɗaya, kowace da launin da ta ke sawa. Ku tuna kowane hoto bai fi kan sarki na wasiƙa girma ba, fim na minti ɗaya kuwa yana da hoto wajen dubu.

Majami'ar Ingila da fuskar wata

Shekarar 1902 ita ce ƙololuwar Meliyes. A cikinta aka shirya naɗin Sarkin Ingila Edward na Bakwai, wanda a zamaninsa ne Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ba a yarda a shiga da kyamara babbar majami'ar Westminster ba. Sai wani ɗan kasuwar fim a Landan, Charles Urban, ya aika wa Meliyes da bayanin wurin da na tsarin bikin. Meliyes ya zana cikin majami'ar a Montreuil, ya samo masu kama da Sarki da Sarauniya, ya ɗauki naɗin tun kafin a yi shi. An sa ranar 26 ga Yuni, amma ciwon ciki ya kama Sarki har sai da aka yi masa aiki, aka ɗaga zuwa 9 ga Agusta. A ranar nan aka fara nuna fim ɗin a Landan. Ba a yaudari kowa ba, an faɗa wa jama'a kwaikwayo ne, duk da haka suka yi ta tururuwa.

A wannan shekara dai ya yi fim ɗin da ya fi duka suna, Le Voyage dans la Lune, watau Tafiya Zuwa Wata. Tsawonsa mita 260, kallonsa kamar minti 14, an kasa shi fage 30, ya kuma ci faran 10,000, kuɗi masu yawa ƙwarai ga fim a lokacin. Labarin wasu masana taurari ne da suka shiga cikin ƙaton harsashi, aka harba su da igwa. Meliyes ne da kansa ya fito a matsayin shugabansu. Kome na ciki aikin hannu ne: zauren taron masana, rufin gidajen birni da hayaƙin ma'aikatu, duwatsun wata masu tsini, kogo mai manyan laimomin kwaɗi, da ƙarƙashin teku inda suka faɗo. Wata kuwa fuskar mutum aka yi masa, ana turo shi sannu sannu zuwa ga kyamara yana ƙara girma, har harsashi ya cake shi a ido. Wannan hoto har yau yana cikin waɗanda aka fi sani a tarihin silima.

Fim ɗin ya zaga duniya, amma ribar ba ta zo hannun mai shi ba. A Amurka wasu kamfanoni, har da na Edison da na Lubin, suka riƙa kwafarsa suna sayarwa ba tare da sun biya ko anini ba. Meliyes ya aika da wansa Gaston ya buɗe ofis a birnin Niyu Yok a 1903. Ya koma ɗaukar kowane wasa da kyamara biyu gefe da gefe, don a aika da uwar fim ɗaya Amurka. Ya kuma riƙa sa alamarsa ta tauraro a jikin kayan fage, yadda ɓarawo ba zai kwafi fim ba sai da shaidar mai shi. Daga 1896 zuwa 1912 ya yi finafinai fiye da 500.

Zamani ya juya

Hausawa sun ce zamani riga ne. Silima ta girma da sauri, ta zama babbar kasuwa. Kamfanoni irin su Pathé da Gaumont suka riƙa fitar da finafinai rututu, da ma'aikata masu yawa, suka kuma koma ba da hayar fim maimakon sayar da shi. Meliyes kuwa aljihunsa shi ne bankinsa, kome kuma sai ya bi ta hannunsa. Masu kallo su ma suka sauya. Suka fi son su ga ana bin ɓarawo a guje kan titin gaske, su ga kyamara ta matso kusa da fuskar mai kuka. Amma ba a iya yawo da kyamara gaban labule irin na Meliyes. Daga wuri ɗaya tak zanen ke daidai, in ka gusa gefe ko ka matso kusa, asiri ya tonu. Ashe ƙa'idar da ta ba shi ƙarfi ita ce ta ɗaure masa ƙafa.

Abokan sana'a ba su raina shi ba, har shi suka sa ya shugabanci babban taron masu yin fim da aka yi a Faris a 1909. Amma girma ba ya biyan bashi. A 1911 ya karɓi kuɗi a hannun Pathé, ya ba da gidansa da ɗakin gilashi jingina. A 1912 ya fito da fim na tafiya zuwa ƙarshen duniya ta arewa, wurin ƙanƙara, da wani ƙaton dodo wanda sai mutum 12 ke motsa shi. Aiki ne na gwaninta, amma ya zo a makare. A watan Disamba na 1911 Amundsen ya riga ya taka ƙarshen duniya ta kudu, jama'a kuma sun fara ganin hoton ƙanƙarar gaske a silima. Wa zai biya don ya ga ta fenti? Fim ɗin bai yi kasuwa ba, bayan 'yan kaɗan kuma Meliyes ya bar yin fim.

Daga nan wahala ta yi ta bin wahala. Matarsa ta rasu a 1913. Yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914, gidajen wasa suka rufe. Ya mai da ɗaya daga ɗakunansa na Montreuil gidan wasan waƙe-waƙe, shi da 'ya'yansa suna fitowa, yana zana musu labule kamar dā. A 1923 masu bin bashi suka karɓe gidan. A shekarar kuma aka rushe gidan wasan Robert-Houdin don a ƙara tsawon wani babban titi. Cikin baƙin ciki, ga shi ba shi da wurin ajiya, Meliyes ya cinna wa uwayen finafinansa wuta, kayan fage da tufafi su ma suka salwanta. Kwafi masu yawa kuma an narkar da su don a cire azurfar da ke jikinsu.

Mai sayar da alewa

A 1925 ya auri Jehanne d'Alcy, matar nan da ya ɓatar a kan kujera shekara 29 da suka wuce. Tana da ɗan shago a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse a Faris. Nan mutumin da ya kai jama'a wata ya zauna daga safe har dare, yana sayar da alewa da kayan wasan yara. In ba mai saye, sai ya ɗauki alƙalami ya yi ta zane. Dubban matafiya na wucewa ba wanda ya san shi.

Sai wasu 'yan jarida masu sha'awar tarihin silima suka gano inda ya ke. Aka tono kaɗan daga finafinansa, aka yi masa babban biki a Faris a watan Disamba na 1929. A 1931 aka ba shi babbar lambar girma ta Faransa, Louis Lumière ne kuma ya maƙala masa ita, ɗan gidan da suka hana shi inji a 1895. A 1932 ƙungiyar ma'aikatan silima ta ba shi masauki a gidanta na tsofaffi da ke Orly, shi da matarsa da jikarsa. A can ya riƙa sake zana fagagen finafinansa a takarda, daga abin da ya ke tunawa. Ya mutu ran 21 ga Janairu, 1938, da ciwon daji, yana da shekara 76, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Ɗakin gilashi kuwa an rushe shi jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu.

Finafinansa wajen 200 ne suka tsira. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu ta hanyar Amurka suka tsira, daga uwayen fim ɗin da ya riƙa aikawa can saboda ɓarayi. A 1993 aka sami kwafin Tafiya Zuwa Wata mai launin hannu a birnin Basalona, ya manne ya kusa lalacewa. Aka yi shekaru ana gyaransa, aka nuna shi a bikin silima na Cannes a 2011.

Labule bai mutu da shi ba

Kada ku zaci faɗuwar Meliyes ita ce ƙarshen labule. Da fim mai magana ya zo a 1927, tilas aka koma cikin manyan ɗakuna rufaffu don gudun hayaniya, ana haskawa da lantarki. To, ɗakin da ba ya ganin waje, in aka gina gida a cikinsa, me za a gani ta taga? Sai mai zane. Saboda haka manyan kamfanonin Holiwud suka kafa sassan zanen labule. A kamfanin MGM wani mutumin Sikotilan, George Gibson, shi ya shugabanci sashen shekaru masu yawa. An yi musu gini na musamman, inda a ke ɗaure ƙyalle a jikin firam mai hawa da sauka ta wata tsaga a daɓe, mai zane yana tsaye wuri ɗaya ƙyalle na zuwa masa. Daga nan labulen The Wizard of Oz na 1939 suka fito, da zanen dutsen Rushmore mai fuskokin shugabannin Amurka huɗu, wanda aka yi wa North by Northwest na 1959, faɗinsa wajen ƙafa 90.

Su ma darasin Meliyes suka sake koya, domin fim mai launi na da nasa ido, sai an gwada an gani. Amma nufinsu ya bambanta. Meliyes ba ya ɓoye cewa duniyarsa ta tatsuniya ce, yana so ka ji daɗin zanen. Masu zanen Holiwud kuwa nasararsu ita ce kada ka san akwai zane sam, galibi ma ba a rubuta sunayensu a fim. Yau kwamfuta da manyan hotunan bugawa sun karɓe yawancin aikin. A 2017 ƙungiyar masu tsara fage ta Amurka ta ceci tsofaffin labule fiye da 200 da aka kusa zubarwa, ta rarraba wa jami'o'i da gidajen tarihi. Har yanzu kuma a kan nemi burushi jifa jifa, kamar sararin saman da aka zana da hannu a fim ɗin Barbie na 2023.

Abin da na tsinta

Mu da za mu tsaya gaban aji, ina ganin akwai abin da za mu ɗauka a nan. Meliyes bai tambayi ko zane ya yi masa kyau shi mai zanawa ba, ya tambayi yadda zai fito ga idon da aka yi shi dominsa. Haka taswirar da malami zai zana a allo, ko labulen wasan ƙarshen shekara. Kafin ka ce ka gama, tafi can bayan aji ka zauna a bencin ƙarshe ka duba. Sa'an nan kuma, in ka kama yaro yana zane a gefen littafin lissafi, ka sa shi ya gama lissafinsa, amma ka dubi zanen da kyau kafin ka ɗauki bulala. Sai dai in ka taimake shi ya ƙware, ka koya masa har da abin da Meliyes ya ƙi koya, watau ya riƙa ɗaga kai daga aikinsa lokaci lokaci, ya ga inda masu kallo suka juya.